Faɗakarwa a kan Maci Bashin da Yake Zaɓen Alƙalinsa

 Ku sani abin da ya sa muka ɗauki alƙalami wata mas'ala ce wadda kuke da babinta a cikin littattafanku, amma kuna tsallake shi kamar mai tsallake kwata, wato babin falas, hukuncin mutumin da bashi ya kewaye dukiyarsa. Almajiri ya ƙware a tsarki da salla, ya iya rabon gado har ana yabonsa, in an zo babin nan sai malam ya ce wannan na alƙalai ne, a wuce gaba. To, ga zamani ya zo wanda kasuwar duniya ta zama ɗaya. Mutum yana zaune a Kano ko Maraɗi yana biyan kuɗi ga kamfanin da bai taɓa ganin ƙofarsa ba, kayansa suna cikin jirgin wata ƙasa, jirgin kuwa an jinginar da shi ga bankin wata ƙasa dabam. Ranar da ɗayansu ya karye, wane alƙali ne zai raba abin da ya rage, kuma da wane hukunci?

Da'awarmu ita ce, a yau hukuncin karyayye ya rataya ne a kan kotun da guzurinsa ya iya kai shi. Mai ƙarfi yana zaɓen alƙali kamar mai zaɓen rago a kara, marar ƙarfi kuwa duk inda aka kama shi nan ne kotunsa. Mun kira wannan zalunci, kuma za mu kawo hujja.

A ranar 31 ga Agusta 1916 babu wanda zai fahimci labarin da za mu bayar, amma shekara ɗari daidai bayanta, 31 ga Agusta 2016, kamfanin Hanjin na Koriya ta Kudu, wanda shi ne na 7 a girma cikin masu dakon kwantena a teku, ya kai kansa gaban kotun ƙasarsa ya ce ya kasa. A sa'ar nan jiragensa suna warwatse a tekunan duniya ɗauke da kayan mutane na kimanin dala biliyan 14. Masu tashoshin jiragen ruwa suka hana su shiga, domin suna tsoron ba za a biya su ladan sauke kaya ba. Inda aka yarda su shiga kuwa matuƙan suka ji tsoro, zama masu bin bashi suna jira a bakin ruwa da takardar kotu su kame jirgi, kamar yadda aka kame ɗaya a Singafo. Sai jirage suka yi ta shawagi a tsakiyar teku, abincin ma'aikata yana ƙarewa, masu kaya suna ƙirga kwanaki. Da wata kotun Amurka ta karɓi hukuncin alƙalin Koriya a watan Satumba, ta hana kowa taɓa jiragen a ruwanta, sa'an nan aka fara sauke kaya a can. Inda ba a karɓa ba, wanda ya riga kai hannu shi ya ci. Ranar 17 ga Fabrairu 2017 aka yanke wa kamfanin hukuncin rushewa. Ku duba da kyau: jirgi ɗaya, bashi ɗaya, amma hukunci yana sākewa gwargwadon ruwan da jirgin ya tsaya a kai.

Yanzu mu koma ga abin da kuka tsallake, mu faɗe shi da bakinmu kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shehu Halilu da Risala da sharhohinsu. Wanda bashi ya kewaye dukiyarsa ana hana shi kyauta, ana hana shi ya ɗauki duk abin da ke hannunsa ya ba mutum ɗaya cikin masu binsa. In suka kai shi gaban alƙali aka hukunta masa falas, sai a cire hannunsa daga dukiyar, bashin da wa'adinsa bai yi ba ya zama na yanzu, a sayar da kayan yana halarce. Abin da ke saurin lalacewa da dabbobi a gaggauta sayar da su, gida da gona a jinkirta kamar wata 2 domin a sami kuɗi mai kyau. A bar masa tufafinsa da abincinsa da na iyalinsa zuwa lokacin da ake zaton zai sami buɗi. Mai jingina ya fi kowa cancanta da abin da aka jinginar masa, wanda kuma ya tarar da hajarsa ita kanta ba ta sāke ba yana da zaɓin ya ɗauke ta. Saura a raba gwargwadon bashin kowa. Asalin wannan yana cikin Muwaɗɗa, labarin Usaifi'u mutumin Juhaina, wanda yake sayen raƙuma da tsada domin ya riga alhazai isowa har ya karye, Sayyidina Umar ya yi shela cewa duk mai binsa ya zo a raba dukiyarsa tsakaninsu. Shela ya fara yi kafin rabo, ku riƙe wannan.

Ga lissafi domin almajirai. Dukiya 600 ce, mutum 3 suna bi: na farko 600, na biyu 400, na uku 200. Jimla 1,200, kowa ya sami rabin haƙƙinsa: 300 da 200 da 100. Bayan an watse sai ga wani ya dawo daga fatauci da shaidu cewa yana bin 300. Malamanmu ba su ce ya makara ba. Sun ce a sāke lissafi: bashi ya zama 1,500, rabon kowa biyu bisa biyar, shi nasa 120 ne, sai ya koma kan waɗanda suka karɓa, ya amshi 60 daga na farko, 40 daga na biyu, 20 daga na uku. Nisan gari bai kashe masa haƙƙi ba. Kuma a babin alƙalanci akwai takardar alƙali zuwa ga alƙali, wadda alƙalin wani gari yake zartar da abin da ya tabbata a gaban ɗan'uwansa. Haɗa waɗannan biyu, ka sami duk abin da duniya take ta faman nema: dukiyar karyayye ɗaya ce ko ina take, rabo ɗaya ne, na nesa da na kusa daidai suke.

Mutanen zamani sun iso ga wannan bayan wahala mai yawa. A 1997 hukumar dokokin ciniki ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta rubuta wani samfurin doka, wanda ya ce a duba inda cibiyar harkar karyayye take, kotun can ita ce uwa, sauran kotuna su karɓi wakilinta su tsayar da masu wawaso. Japan ta ɗauka a 2000, Amurka a 2005, Ingila a 2006, ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, cikinsu har da Nijar da Kamaru da Cadi, a 2015, Gana a 2020. Ƙasar Sin, wadda mafi yawan hajar kasuwanninmu daga can take fitowa, ba ta ɗauka ba. Samfurin kuwa bai daidaita hukunce-hukuncen ƙasashe ba, ƙofa kawai ya buɗe tsakanin alƙalai.

Wanda ya fi koya wa duniya wannan karatu shi ne bankin BCCI, kuma dattawa cikinku sun san shi, domin ya yi rassa a Nijeriya. Agha Hasan Abedi mutumin Pakistan ya kafa shi a 1972. An rubuta rabinsa a Luksamburg, rabi a tsibiran Kaiman, ana tafiyar da shi daga Landan, yana ciniki a ƙasashe fiye da 70, daga baya mafi yawan hannun jarinsa ya koma ga masu mulkin Abu Dabi. An tsara shi haka da gangan domin kada a sami hukuma ɗaya da take ganin cikinsa duka. Ranar 5 ga Yuli 1991 aka rufe shi saboda ha'inci, da yawa cikin masu ajiya a Ingila kuwa ƙananan masu kanti ne 'yan asalin Pakistan da Indiya da Bangaladesh. Da aka zo rabo littattafansa sun cakuɗe har ba a iya gane dukiyar wannan reshe daga ta wancan. Sai wakilan kotunan Luksamburg da Landan da Kaiman suka yi yarjejeniya a zuba kome a tukunya ɗaya a raba da mudu ɗaya. Waɗansu ƙasashe suka ƙi, suka kewaye abin da ke cikin iyakarsu suka ce na mutanensu ne tukuna. Waɗanda suka shiga tukunyar an yi zaton da fari ba za su sami abin kirki ba, amma da aka rufe lissafi a Landan a 2012 sun karɓi kusan 90 cikin 100. Sai dai shekara 21 aka yi, mutane da yawa sun mutu suna jira, magada ne suka karɓa. Da hanyar takardar alƙali zuwa ga alƙali a share take tun farko, da ba a ɓata shekaru ana jayayya a kan wa zai riƙe ludayi ba.

Wannan ciwon wawaso ke nan. Akwai na biyu wanda ya fi shi muni domin shi da ado yake zuwa, wato zaɓen alƙali. Ƙasashe sun saɓa a kan tsawon lokacin da mutum zai zauna cikin hukuncin karaya kafin a yafe masa saura. A Ingila shekara 1 ce tun 2004. A Jamus shekara 6 ce har zuwa 2020 da aka mai da ita 3. A Jamhuriyar Ailan shekara 12 ce a lokacin da kasuwar gidaje ta rushe musu. Sai masu hali suka riƙa ƙetarawa, mutum ya kama ɗaki a wani garin Ingila, ya zauna 'yan watanni, ya ce nan ce cibiyarsa. Sean Quinn, wanda a dā ake ƙirga shi mafi arziki a Ailan, ya tafi Belfas da ke ƙarƙashin Birtaniya aka hukunta masa karaya a Nuwamba 2011. Bankin da ke binsa ya yi ƙara, a Janairu 2012 kotun ta warware hukuncin domin ta gane cibiyarsa ba a can take ba, aka sāke yi masa a Dablin. Shi an kama shi domin mai binsa banki ne mai lauyoyi. Waɗanda masu binsu ƙanana ne sun wuce lafiya, talakan da ba shi da kuɗin jirgi kuwa ya zauna da shekarunsa 12. Daga baya Ailan ta rage zuwa 3, sa'an nan zuwa 1 a 2016.

Kamfanoni nasu ya fi sauƙi. Dokar Amurka ta buɗe babinta na 11 ga duk wanda yake da dukiya a ƙasar, kotunanta kuma sun karɓi cewa kuɗin da aka ajiye wa lauya a banki ma dukiya ce. A babin nan shugabannin kamfani ba a fitar da su, suna ci gaba da riƙo, ana tsayar da masu bi, har a shirya yadda za a rage bashi. Da annoba ta tsayar da jiragen sama a 2020, Avianca na Kolombiya da LATAM na Cile da Aeromexico na Meziko duk a Niyok suka kai kansu. Kamfanin mai na Yukos na Rasha ya gwada haka a Amurka a ƙarshen 2004, amma shi an kore shi a Fabrairu 2005.

In ka ce, ai sun tafi ne domin alƙalan can sun ƙware, suna da sauri, kuma ana samun mai ba da sabon rance a rayar da kamfani, rayayyen kamfani kuwa ya fi gwanjon kujerunsa amfani ga kowa, sai mu ce gaskiya ka faɗa, ba mu musa ba. Kamfanonin nan 3 duk sun tashi suna aiki. Amma wanda ya zaɓi kotu ya zaɓi tsarin sahu, wato wa zai sha kafin tulu ya ƙare, kuma sahun ba ɗaya ba ne a duniya. Ɗauki ladan ma'aikaci. A Faransa ladan kwana 60 na ƙarshe yana gaban kowa, har mai jingina. A Amurka ladan kwana 180 yana da fifiko zuwa wani haddi, amma bayan masu jingina. A Ingila abin da aka fifita na ladan wata 4 bai wuce fam 800 ba, adadin da aka yanka tun 1986, ko da yake akwai asusun gwamnati mai cika wani abu. In kuwa ka ce ai kotun Niyok takan yarda a biya ƙananan masu bi na ƙasashen waje tun ranar farko, sai mu ce haka ne, amma kamfani ne yake rubuta sunayen, yana sa wanda yake bukata da wanda yake tsoro. Wannan shi ne fifita wani mai bi a kan wani da malamanmu suka yi wa shinge, an dai sa masa hatimin kotu. Wanda ba a sa sunansa ba, da me zai ɗauki lauya a Niyok a kan bashin da bai kai ladan lauyan na mako ɗaya ba?

Kuma kada mu ɓoye abin da ke kanmu. A mazhabarmu mai sana'ar da kaya ke hannunsa, kamar maɗinki ko marini, ya fi cancanta da su har a biya shi, amma makiyayin da aka ɗauka ijara daidai yake da sauran masu bi. A nan Faransawa sun tausaya wa ɗan ƙwadago fiye da abin da muka tarar a rubuce, kuma mas'ala ce da ta cancanci masu fatawa su zauna a kanta, tun da yanzu ma'aikatan kamfani ɗaya sukan kai dubbai.

Ingila kuwa tana da wata ƙa'ida mai ban mamaki tun 1890, wadda ake kira da sunan shari'ar Gibbs: bashin da aka ƙulla bisa dokar Ingila babu kotun wata ƙasa da za ta iya rage shi ko yafe shi, sai in mai bin ya miƙa kansa gare ta. Babban bankin kasuwanci na Azarbaijan ya shirya da mafi yawan masu binsa a kotun ƙasarsa, waɗansu suka ƙi, a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta tsaya musu bisa ƙa'idar nan. To, ga ƙasar da take maraba da baƙi su zo ta gyara musu bashinsu, tana son duniya ta karɓi hukuncinta, ita kuwa ba ta karɓar na kowa a kan nata. Mudun saye dabam, mudun sayarwa dabam. Kun san sunan wannan a kasuwa.

Wani zai ce mas'alar yafe sauran bashi ita ce ta raba mu da su, tun da a wurinmu bashi ba ya faɗuwa, jinkiri ake yi wa matsattse har ya samu, Turawan Ingila kuwa tun 1705 suka fara sallamar karyayyen ɗan kasuwa. Haka ne, kuma ba mu ce a shafe haƙƙin kowa ba da yardarsa ba. Amma ku karanta babin zuwa ƙarshe: wanda aka yi wa falas aka raba dukiyarsa, in waɗansu suka sāke ba shi kaya ya yi ciniki sa'an nan ya sāke karyewa, masu bi na farko ba sa shiga tare da na baya cikin wannan dukiya, sai a abin da ya zo masa ta gado ko kyauta. Hikimar ita ce mutane su iya sāke amincewa da shi ya tashi. Masu cewa gyaran karyayye al'amarin Nasara ne su sani Saudiyya ta fitar da dokarta ta falas a 2018, kuma da ita aka warware rikicin gidan kasuwancin Algosaibi a 2021, wanda ya tsaya cik tun 2009.

Laifi tudu ne. Ba za mu zargi Landan da Niyok mu yi shiru a kan kasuwanninmu ba, inda ɗan kasuwa in ya karye mai ƙarfi cikin masu binsa yake zuwa da ɗan sanda da mota ya kwashe shago da dare, gwauruwar da ta ba da jarinta da maraya su tashi da safe su tarar da kanta wayam. Sa'an nan a kulle mutumin a caji ofis har danginsa su sayar da gona. Wannan kamun jirgin Hanjin ne a kan tudu. Fiƙihu bai yarda a tsare wanda rashinsa ya tabbata ba, ana tsare wanda ba a san halinsa ba ne har a bincika, ko mai ɓoye dukiya, kuma alƙali ne mai tsarewa. Dokar Nijeriya ma, ta shari'ar laifuka ta 2015 da ta 'yan sanda ta 2020, ta hana kama mutum saboda saɓa alkawarin ciniki kaɗai. Mai yin haka ya saɓa wa littafi ya saɓa wa doka, amma sai ka gan shi a sahun gaba. Ga kuma mai shago a Kano da rumbu a Maraɗi: can dokar OHADA ce, nan kamfani yana ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, mutum shi kaɗai yana ƙarƙashin dokar 1979 wadda da wuya ka ga wanda ya taɓa aiki da ita. In ya karye, kayan kowane gefe na mutanen gefen ne, alhali duka abokan ciniki ɗaya ne, sau da yawa ma dangin juna.

Abin da muke nema ga malamai shi ne a daina tsallake babin, a karantar da shi da lissafinsa kamar yadda ake yi wa gado. Shugabannin kasuwa da ake kai wa irin wannan ƙara kafin kotu su yi shela, su jira gwargwadon isar labari, su rubuta sunan kowa da abin da yake bi, su ware rabon wanda ke bayan iyaka, su aika wa takwarorinsu na can da takarda.

Kai kuma mai aika kuɗi waje, kafin ka biya ka tambayi abu 3: a wace ƙasa aka rubuta kamfanin, ina dukiyarsa take, dokar wa aka ambata a takardar ciniki. Sau da yawa amsoshin ba wuri ɗaya suke nunawa ba. Kamfanin gine-gine na Evergrande an rubuta shi a Kaiman, a dā ana cinikin hannun jarinsa a Hong Kong, gidajensa kuwa suna cikin babbar ƙasar Sin. Bashinsa ya haura dala biliyan 300. Ranar 29 ga Janairu 2024 kotun Hong Kong ta yi umurni a rushe shi a raba, masu binsa na ƙasashen waje suka fito da hukunci a hannu, tubali da filaye kuwa suna ƙarƙashin waɗansu alƙalai dabam waɗanda hukuncin bai zama tilas a kansu ba.